Ɗalibina ya zama dakta amma yana zaman rumfar POS: me zan yi wa sauran?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malami ne a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'ar tarayya a nan Arewa. Shekara uku da suka wuce wani ɗalibina ya kare kundin digirinsa na uku, yaro mai ƙwazo, har mai jarrabawa na waje sai da ya yaba masa. Na so sashenmu ya ɗauke shi, gurbi bai samu ba. Yanzu yana koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, da yamma kuma ya zauna a rumfar POS ta ƙaninsa. Da ya zo gaishe ni da Sallah ya ce, "Malam, kamfanoni sun ce na fi ƙarfin aikinsu, ƙungiyoyi sun ce ba ni da gogewa, jami'a ta ce babu gurbi." Bai zarge ni ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. A yanzu akwai ɗalibai bakwai a hannuna, biyar na digiri na biyu, biyu na digiri na uku. Ni kuwa tun da na gama hidimar ƙasa ban taɓa aiki a ko'ina ba sai jami'a. Wani abokin aikina ya ce in daina damun kaina, aikinmu koyar da bincike ne, ba nema wa mutum abinci ba. Shin gaskiyarsa ne? In ba haka ba, ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri. Ba kowane malami ba ne yake sake tuna ɗalibi bayan an sa hannu a kundi an kai laburare.

Abokin aikinka ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin nan zan fara ba ka don ka samu sauƙin zuciya. Ba kai ka hana yaron nan gurbi ba. Lissafin ne ba ya fita. Malami ɗaya, kafin ya yi ritaya, zai iya yaye daktoci goma ko fiye, amma kujera ɗaya tak zai bari. Kujerar ma ba ta saurin sakuwa, domin tun 2012 doka ta ba farfesa damar zama har ya cika shekara 70. Ga IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, da ya ɗaure hannun shugabannin jami'o'i wajen ɗaukar ma'aikata, har sai da Majalisar Zartarwa ta amince a cire su daga cikinsa a Disambar 2023. A Agustan 2025 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin jami'o'inta na tsawon shekara bakwai. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Ingila, wani rahoto da Royal Society ta fitar a 2010 ya nuna cewa cikin masu digiri na uku a fannin kimiyya, kashi 3.5 cikin ɗari ne kawai ke samun aikin dindindin a jami'a, waɗanda ke kaiwa farfesa kuwa ba su kai kashi ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da mu. A ƙasar nan an gina digiri na uku ne a matsayin horon wanda ya riga ya shiga ciki. Duba sa'o'inka: yawancinku an ɗauke ku aiki tun kuna da digirin farko ko na biyu, kuna karɓar albashi kuna karatu, wasu TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta biya musu, ita kuwa ma'aikacin makaranta take ɗaukar nauyi, ba ɗan waje ba. Ɗalibinka ya shigo ta ƙofar da aka yi wa masu kujera, alhali shi ba shi da kujera. An koya masa duk abin da malamin jami'a ke buƙata, ba a koya masa komai daga abin da zai buƙata in bai zama malamin ba.

Nan ne rabin da abokin naka ya ɓoye. Gurbi ba a hannunka yake ba, amma taken binciken a hannunka yake, shekarun da ya yi a gabanka a hannunka suke, da mutanen da ka sani, da tambayar da za ka iya yi masa tun shekarar farko: in jami'a ba ta ɗauke ka ba, ina kake son ka samu kanka? Ɗalibi ba zai taɓa kawo maka wannan zance da kansa ba. Yana tsoron ranar da ka ji yana sha'awar kamfani, babinsa na uku zai koma ƙarƙashin tulin takardun da ke kan teburinka. Kuma yana jin yadda malamai ke ambaton wanda ya bar jami'a: "Ai wane ya gudu ya bi kuɗi." Ka lura da bakinka a gabansu, suna sauraro fiye da yadda kake zato.

Bari mu fara da wanda ya riga ya gama, tunda shi ne a cikin rana. Maganganun nan biyu da kamfanoni da ƙungiyoyi suka faɗa masa, kowacce akwai abin da ke ƙarƙashinta. Manajan da ya ce "ka fi ƙarfin aikinmu" abu uku yake tsoro: za ka nemi albashin da ba zai iya biya ba, za ka tsere ranar da wata jami'a ta kira ka, kuma ba za ka yarda mai HND da ya shekara goma sha biyar a kan inji ya gyara maka kuskure ba. Wannan tsoro ana kashe shi da baki, a wasiƙar neman aiki da wurin intabiyu: ga albashin da zan karɓa, ga shekarun da na yi alkawarin zama, kuma na zo koyon aikin masana'anta ne daga waɗanda suka riga ni. In zai iya ajiye "Dakta" a bakin ƙofa na ɗan lokaci, ba abin da zai rage shi. Takardarsa tana nan a akwati.

"Ba ka da gogewa" kuwa, sau da yawa laifin takardar bayanin kansa ne. Ka ce ya kawo maka ita. Ina iya gaya maka abin da za ka gani tun kafin ya miƙo: shafi shida, ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, firamaren da ya yi, jerin muƙalu da tarukan ƙara wa juna sani, sai sunayen farfesoshi uku a ƙarshe. Wannan takardar neman kujerar Lakcara II ce. Mai ɗaukar aiki a kamfanin abinci ba ya karanta sunan mujalla. Shafi biyu yake so, kuma a layin farko ya ga wace na'ura hannun yaron nan ya sani, HPLC ce, ko GC-MS, ko AAS. Samfur nawa ya auna. Ya taɓa tsara kasafin kuɗin aiki ya sayo sinadarai da kansa. Ɗalibai nawa ya kula da su a ɗakin gwaji. Ya iya manhajojin lissafi irin Excel da R ko SPSS har ya fitar da rahoton da wanda ba masani ba zai gane. Duk waɗannan ya yi su a shekarun da ya yi a wurinka, bai san ana sayar da su ba ne.

Sai dai ka yi masa tambaya ɗaya ido da ido: na'urar nan, shi ya sarrafa ta? Mun san yadda abin yake. Na'urar sashe ta lalace ko babu wuta, ɗalibi ya ɗauki samfur a kula ya kai wani ɗakin gwaji a wani gari, ya biya, bayan mako biyu a miƙo masa sakamako a takarda. Ya iya fassara sakamakon sarai, amma bai taɓa daidaita na'urar ba, bai taɓa canja mata bututu ba, bai san ƙarar da take yi in ta fara ciwo ba. In haka ne, masu cewa ba shi da gogewa ba su yi ƙarya ba, kuma babban alherin da za ka yi masa shi ne ka samo masa wata uku ko huɗu yana aiki da hannunsa a ɗakin gwaji, ko da ba a biyansa sai kuɗin mota. Ya haɗa da sanin ƙa'idar ISO 17025, wadda da ita ake tantance ɗakunan gwaji, da HACCP, ƙa'idar kare lafiyar abinci ta masana'antu. Ya kuma yi rajista da ICCON, cibiyar ƙwararrun masana sinadarai, ya nemi shiga IPAN, ta masu sa hannu a takardar shaidar gwajin abinci da ruwa da magani. A wajen jami'a waɗannan takardu sukan buɗe ƙofar da muƙala goma ba za ta buɗe ba.

Kada ka tsaya a ba shi shawara da ɗan abin sa wa a aljihu. Kuɗin zai karɓa don kunya, ya tafi da nauyi a zuciya. Ɗauki waya. A cikin waɗanda kuka yi digirin farko tare, da ɗaliban da ka koyar a shekarun nan, lalle akwai mai kula da ingancin kaya a wani kamfanin shinkafa, ko na man gyaɗa, ko na abincin kaji, ko na ruwan leda. Akwai wanda ke NAFDAC, ko SON mai kula da ingancin kaya, ko NESREA mai kula da muhalli, ko NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa a Zariya. Kada ka ce "a taimaka wa yarona da aiki", wannan jimla tana sa mutum ya daina ɗaga waya. Ka ce, "Ina da wanda ya iya kaza da kaza, ka ba shi minti ashirin ya zo ya ga yadda kuke aiki, ka faɗa masa abin da ya rage masa." Wannan kowa zai iya yi, kuma daga irin wannan zama ne ake jin labarin gurbi kafin a buga shi. Aikin gwamnati ma ya nema, mai digiri na uku a mataki na 10 yake shiga, amma kada ya jingina rayuwarsa da jiran sa.

Yanzu ga bakwai ɗin da ke hannunka. Ka ce ba ka san waje ba. To, zuwa da kai ya fi aike. Ba sai ka jira hutun sabatika, wato hutun shekarar da ake ba malamin jami'a, ba, ko da yake in ya zo, ka yi tunanin yin sa a masana'anta maimakon wata jami'ar da za ka je ka maimaita darasin da kake bayarwa a gida. Rana ɗaya a wata ta isa. Ka shiga Sharaɗa ko Challawa ko Bompai in Kano ta fi maka kusa, ko kasuwar Dawanau, ka zauna da masu aiki, ka yi musu tambaya ɗaya: mene ne yake jawo muku asara wanda kuka rasa gane kansa?

Abin da ya sa na nace a kan wannan shi ne taken bincike. Je ka laburaren sashenku ka duba kundayen shekara goma da suka wuce. Rabi binciken sinadaran ganyen kaza ne, rabi auna dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwan rijiya ko ƙasar juji. Ba na raina su. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai ce auna dalma wasa ba ne. Amma yawancin kundayen nan ba wanda ya roƙa a yi su, ba kuma wanda yake jiran sakamakonsu in ban da mai jarrabawa. Ɗalibi ya gama, ya fito bai san kowa ba sai kai da mai tsaron ɗakin gwaji.

Kwatanta da wake. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya, wanda ake zuba wa buhuna don kada ƙwaro ya ci. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, namu ya zarce nesa ba kusa ba, aka yi ta tsawaita takunkumin shekara da shekaru. Ga tambayoyin digiri na biyu da na uku nan zube a ƙasa. Kwana nawa maganin ke ɗauka kafin ya ragu a buhun da aka jibge a sito cikin zafin Afrilu? Wankewa da dafawa suna rage nawa? Buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska, da gaske yana raba ɗan kasuwa da magani in ajiyar ta kai wata shida? Ɗalibar da ta yi shekara biyu a kan wannan, dole ta san dillalai, ta san masu sito, ta san mai fitar da kaya waje da jami'in da ke duba su. Ranar da ta kare kundinta, akwai mutum goma da suka san sunanta kuma suka san abin da ta iya. Haka zancen yake ga riɗi da zoɓo da ake fitarwa, da gubar fumfuna a gyaɗa da masara, da ruwan kuromiyam da kamfanonin jima ke saki, da ƙaiƙayin shinkafa da ke tsibi a bayan injina. Kimiyyar ba ta ragu da komai ba, muƙala ma za ta fito, wataƙila wadda ta fi ta ganye samun masu karatu.

Hattara biyu a nan. Kamfani yakan buɗe maka ƙofa da murna, sai sakamako ya fito ba yadda yake so ba, ya ce kada a buga. Ita kuma makarantar gaba da digiri ba za ta bar ɗalibi ya kare kundi ba sai ya buga. Don haka a rubuta yarjejeniya tun kafin a ɗebi samfur na farko: me za a buga, za a sakaya sunan kamfani ko a'a, wa zai sayi sinadarai. Ta biyun kuma kai ta shafa. Da zarar ka fara shiga masana'antu za a fara ba ka ɗan aikin gwaji na kuɗi. In ɗalibi ne ya yi aikin, a ba shi rabonsa a fili. Malamin da ya mai da ɗalibansa leburori da sunan koya musu aiki, labarinsa ba ya ɓuya.

Sai tura su waje. Ɗan digirin farko yana da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara tun 1973. Ɗan digiri na biyu da na uku, wanda ya fi shi kusa da kasuwar aiki, galibi ba shi da komai. Faransa tana da tsarin CIFRE tun 1981, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibin dakta aiki na shekara uku yana bincikensa, gwamnati ta tallafa. Nan gida ma, cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa a ƙarƙashin shirin ACE na ƙarfafa cibiyoyin bincike a jami'o'in Afirka, irin Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, tura ɗalibai su yi aƙalla wata ɗaya a wajen jami'a ya kasance cikin sharuɗɗan sakin kuɗinsu a lokacin shirin. Kai ba ka buƙatar Bankin Duniya, ba ka ma buƙatar amincewar majalisar jami'a. Wasiƙar gabatarwa ce da sa hannunka da na shugaban sashe, a lissafa makonnin a cikin lokacin tattara bayanai. In akwai matan aure a cikin bakwai ɗin, a yi zancen da wuri, a nemo wuri a cikin gari mai lokacin tashi sananne, don kada abin ya zame musu rigima a gida su haƙura da shi a shiru.

Wani abu mai arha: a taron sashe na ƙara wa juna sani, sau ɗaya a zango, a gayyato tsohon ɗalibi da ke aiki a waje, ya faɗi yadda ya samu aikin, nawa aka fara biyansa, me ya tarar bai sani ba. Sannan kowane ɗalibinka ya tashi ya bayyana aikinsa cikin minti uku, kamar gasar da Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara a 2008, amma kai ka sa su yi da Hausa, a gaban baƙon. Za ka sha mamakin yadda mai shafi ɗari biyu zai rasa ta cewa in aka tambaye shi, "To, wannan wa zai amfana?"

Ban ce ka kore su duka daga jami'a ba. Cikin bakwai wataƙila akwai ɗaya da aka halitta don aji da allo, wanda in an raba shi da bincike zai yi ta ƙunci ko nawa ake biyansa. Shi ka riƙe shi da kyau, ka tura shi neman tallafin karatu a waje, ka sa shi ya buga a mujallun kirki. Amma shi ma ya yi watanninsa a masana'anta. Malamin da ya taɓa ganin yadda ake aiki ya fi koyarwa da daɗi.

Zance mafi nauyi yana wurin biyar ɗin nan na digiri na biyu. Wasunsu za su zo su ce suna son ci gaba a hannunka, kai ma za ka so, domin ɗaliban dakta suna cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Kafin ka amsa, ka zaunar da kowanne ku yi lissafin shekaru. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma ba wanda ya mayar wa ɗalibi da kwana ɗaya. Tallace-tallacen ɗaukar sababbin ma'aikata a bankuna da manyan kamfanoni sukan yanke shekaru a 26 zuwa 28. Mai shekara 27 da ya faɗa digiri na uku yau, da kuɗin aljihunsa, ba tare da kujera ba, zai fito ya haura talatin da 'yan kai, ga iyali, ƙofar nan kuma ta rufe. Ka tambaye shi me yake so digirin ya yi masa. In amsar ita ce "babu abin yi ne, Malam", ko "Baba ne yake so a kira ni dakta", ka ce masa ya je ya nemi aiki da digirinsa na biyu, ya yi shekara biyu ko uku, in har lokacin yana so, ya dawo ya yi na wucin gadi da tambayar da ya samo a wurin aikinsa. In mahaifin ne matsalar, ka nemi izinin yaron ka kira dattijon da kanka; abin da ba zai saurara daga bakin ɗansa ba, zai saurara daga bakin malamin ɗansa.